Motar da Ke Cin Gawayi

Malam Almu ya yi ritaya daga wani garejin bas-bas na kudancin Landan a watan Satumba. Abokan aiki suka ba shi agogon bango, ya rataye shi a falo, ya zauna ƙarƙashinsa. Matarsa, Hajiya Zinatu, tana Kano tana jinyar mahaifiyarta, ba a san ranar dawowarta ba. Gidansu na cikin bene a unguwar Plumstead ya zama daga shi sai talabijin. Yakan je masallaci, ya dawo ya sha shayi, sannan ya kama gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance famfon kicin ya mayar. Ya kwance fankar banɗaki ya mayar. Ranar da 'yarsa Zubaida ta zo ta tarar da injin wanki a baje a tsakiyar falo, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba.

A Landan aka haifi Zubaida. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, sai fa in akwai abin da take nema a wurin mahaifinta. Ran nan kam da Hausa ta yi magana.

"Baba, me ya sami injin?"

"Ƙara yake yi."

"To, bar shi. Ina da wani ƙarfen da ya fi shi buƙatarka."

Zubaida tana aiki da wata ƙungiya da ke kula da wani tsohon daji a bayan unguwar. Ta gaya masa 'yan sa-kansu suna sharar sarƙaƙiya suka ci karo da tukunyar ƙona gawayi, ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin, in ji ta, an baza irin waɗannan tukwane a dazuzzukan ƙasar, saboda ana buƙatar gawayi don takunkumin kare iskar guba da kayan yaƙi, wasu motocin ma da shi suka riƙa tafiya da fetur ya yi wuya. Ƙungiyar tana so a gyara tukunyar a ƙona gawayi a cikinta, a nuna wa jama'a ranar bikin tunawa da ƙarshen yaƙin a watan Mayu.

Almu ya ce zai duba. Ranar Asabar ya tafi, tare da abokinsa Masawudu.

Masawudu mutumin zangon Kumasi ne, yana gasa tsire a wani lungu da ke kusa da titin Rye Lane a unguwar Peckham. A masallaci suka san juna shekaru da yawa da suka wuce. Ya girmi Almu da kaɗan, ya fi shi jiki, ya kuma fi shi surutu nesa ba kusa ba. Da ya ji maganar gawayi bai jira gayyata ba. Ya ce na buhu da ake kawo masa daga ƙasashen waje tartsatsi yake yi, yana ɓata masa nama.

Tukunyar tana cikin wani kwari, nesa kaɗan da hanyar masu yawo da karnuka. Ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe, zobe biyu ɗaya a kan ɗaya, tsayinta ya kai kafaɗar mutum, faɗinta kuwa mutum uku za su kwanta a ciki. Murfinta yana gefe, rabinsa a binne. Tsatsa ta cinye gindinta, wata 'yar bishiya ta tsiro a tsakiya ta leƙo ta sama.

Masawudu ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa da sandarsa.

"Uwata ya sayar da gawayi a Kumasi har ya mutu," in ji shi, da irin Hausarsu ta zango. "Amma mu da ƙasa ake rufe icen. Turawa, har gawayi sai sun yi masa tukunya."

Almu ya matsa kusa da tukunyar. Ya durƙusa yana danna ƙarfen da babban yatsa, yana raba inda ke da sauran ƙarfi da inda ya mutu.

Gyaran ya cinye Oktoba da rabin Nuwamba. Almu ya ari injin walda a tsohon garejinsu, ya yanke ruɓaɓɓen gindin, ya liƙa sabon faranti. Bututun hayaƙin duk sun ɓace, sai ya yi wasu da fayif ɗin da aka zubar a wani wurin gini. 'Yan sa-kan, yawancinsu tsofaffin Turawa masu hular ulu, suka tara busasshen icen da aka sassare a bara, suka yayyanka shi daidai tsayin hannu.

Ƙonin farko bai yi ba. Sun jera icen, sun kunna wuta ta ƙasa da sassafe, sun rufe murfin, sun toshe bakinsa da yashi. Farin hayaƙi mai kauri ya cika kwarin, har wata mata mai kare ta kira 'yan kwana-kwana. Da yamma hayaƙin ya sirance ya koma shuɗi, suka toshe duk ƙofofin iska suka tafi gida. Da suka dawo bayan ta huce suka ɗaga murfin, toka suka samu, fara fat, sai 'yan guntaye a gefe. Wani wurin waldar Almu ne ya tsage da zafi, iska ta riƙa shiga, wutar ta cinye komai. Almu ya daɗe yana duban tsagar. Washegari ya dawo da injin walda.

Ƙoni na biyu ya yi. Masawudu ya ɗauki wani gungume ya karya, ya buga gutsuren biyu da juna, suka yi ƙara kamar tangaran. Ya ce wannan shi ne gawayi. Ya cika buhu biyu, Zubaida ta ce ɗaya kawai aka yarda masa, ya mayar da rabin na biyun.

A ranar ne wani Bature mai suna Dennis ya zo. Tsoho ne dogo, ya haura tamanin, yana tafe yana jan ƙafar hagu. Ya ji labarin tukunyar a jaridar unguwa. Ya tsaya yana kallon gawayin ba tare da ya gaisa da kowa ba, sannan ya tambayi wanda ya yi waldar. Aka nuna masa Almu.

"Ina da motar da ke cin wannan," in ji Dennis. "In kana son gani."

Motar tana wani tsohon gareji na kwano da Dennis yake haya a bakin kogi, tsakanin wurin wankin mota da wani shagon tayoyi. Motar ɗaukar kaya ce ta kafin yaƙi, koriya, ta mahaifinsa, wanda ya yi sana'ar dakon katako. A bayan ɗakin direba, ta gefen hagu, an ɗaure wata doguwar tukunyar ƙarfe kamar tankin ruwan zafi, bututu ya fito daga gindinta ya bi ta ƙarƙashin motar, ya ratsa wasu akwatuna, ya shiga injin. Dennis ya yi bayani a taƙaice. Ana cika tukunyar da gawayi, a kunna, a bar mata iska kaɗan. Gawayin ba ya ci da wuta sosai, sai ya riƙa fitar da gas. A sanyaya gas ɗin, a tace shi, injin ya zuƙa a maimakon fetur. Da yaƙin ya ƙare kowa ya cire tasa tukunyar ya yar. Mahaifinsa bai cire ba, ya ce wani yaƙin zai zo. Dennis yana ɗan ƙaramin yaro aka kunna ta karo na ƙarshe.

Almu ya hau kan taya ya leƙa cikin tukunyar. Da ya sauko ya goge hannunsa da tsumma.

"Mahaifina ya yi karen mota a hanyar Damagaram lokacin yaƙin," ya ce da Turanci. "Yakan ce Faransawa sun rasa fetur, sai suka sa motocinsu cin gawayi. Wai aikinsa shi ne ya riƙa zungurar wutar da ƙarfe, in an zo hawa ya sauko ya sa wa taya dutse. Muna yara mun ɗauka hirar tsofaffi ce."

"Ba hira ba ce," in ji Dennis. "Ba ta hawa tudu, shi ke nan matsalarta."

Daga nan Almu ya rage zuwa daji, ya koma garejin. Zubaida ta kai maganar gaban ƙungiya, aka amince cewa in motar ta tashi za a kawo ta ranar biki, ta zagaya fili da gawayin da aka ƙona a tukunyar. Amma ta kafa sharaɗi. Gas ɗin da motar ke ci, ta ce, shi ne wanda ke kashe mutanen da suka shigar da murhun gawayi ɗaki suka rufe ƙofa. Ba ya wari, ba a ganinsa. Don haka ba za a kunna tukunyar motar ba sai a waje. Ta sayo ƙararrawa mai batir, irin wadda ke kuka in ta ji gas ɗin, ta liƙa ta da hannunta a jikin ginshiƙin garejin.

Tsofaffin biyu ba su cika magana ba. Dennis yana zaune a kan kujerar roba da bargo a gwiwa, yana faɗin abin da ya tuna, Almu yana ƙarƙashin mota. Sun wanke injin, sun canja fulogi, sun fara tayar da shi da fetur don su tabbatar yana da rai. Akwatunan tace gas ɗin sun cika da sheƙar ɓeraye. Bututun ya huhhuje, Almu ya bi shi taki-taki yana liƙewa. In lokacin salla ya yi sai ya shimfiɗa kwali a bayan motar, Dennis kuma ya kashe rediyo ba tare da an roƙe shi ba. Masawudu yakan biyo ranar da bai buɗe shago da wuri ba, ya kawo musu tsire a takarda, ya zauna ya yi ta ba Dennis labarin Kumasi da wani Turanci da Dennis ba ya gane rabinsa.

A ƙarshen Janairu suka fara gwaji. Sukan tura motar zuwa bakin ƙofa, su kunna gawayin, su juya fankar hannu har gas ya fara fitowa ta wani ɗan bututun gwaji. In an kai masa ashana ya kama da shuɗiyar wuta, to ya nuna. Sau da yawa wutar ta kama, amma injin ya yi tari ya mutu. Ko a bakin ƙofar ma ƙararrawar Zubaida takan yi kuka, kuka mai huda kunne, Dennis ya ce tana hana shi jin injin. Wata rana Almu ya ciro batirin ya ajiye a kan taga, da niyyar ya mayar in sun gama.

Ranar da abin ya faru, tun safe ake ruwa da iska. Sun kasa tura motar waje, don ƙafar Dennis ta kumbura, Almu kuma shi kaɗai ba zai iya ba. Suka buɗe ƙofa ɗaya, suka ce gwajin ba zai daɗe ba. Iska ta riƙa kaɗo ruwa a kan injin, sai Dennis ya jawo ƙofar ya bar 'yar kafa. Almu ya gano inda matsalar take: iskar da ke gauraya da gas ɗin ta yi yawa. Ya rage ta da kaɗan-kaɗan. Bayan azahar injin ya kama. Ya yi rawa, ya daidaita, ya ci gaba da bugawa a hankali da wata murya mai taushi wadda ba irin ta fetur ba. Dennis ya dafa murfin injin yana saurare. Suka bar shi yana aiki.

Almu ya fara jin ciwon kai, ya ɗauka yunwa ce. Ya ga Dennis ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya ɗauka ƙafarsa ce ta gaji. Ya yi niyyar ya je ya kashe injin, sai ya ga wurin ya yi masa nisa, ya ce bari ya ɗan huta tukuna.

Masawudu ya iso da la'asar, da takardar tsire a cikin rigar ruwansa. Tun daga shagon tayoyi ya ji ƙarar injin, ya ƙara sauri yana dariya. Ya tura ƙofar ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Almu yana zaune a kan kwalinsa, ido buɗe, ya yi amai a gaban rigarsa. Dennis ya kife a gefen taya.

"Alhaji! Kai, Alhaji!"

Almu ya dube shi kamar bai san shi ba. Masawudu ya wangale ƙofofin biyu, ya kama shi ta hammata ya ja shi waje cikin ruwan. Ya koma ya jawo Dennis ta ƙafa. Bai san yadda ake kashe motar ba, ya bar ta tana bugawa. Ya yi ihu har ma'aikatan wurin wankin mota suka fito, ɗayansu ya kira motar asibiti. 'Yan kwana-kwana ne suka kashe injin daga baya, suka zuba wa tukunyar yashi.

A asibiti aka sa wa Almu abin shaƙar iska a fuska. Da dare hankalinsa ya dawo sosai. Zubaida tana zaune a gefen gadon, rigar aikinta a jiƙe. Wata nas tana duba na'ura a kusa da su, don haka Zubaida ta yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"'Yan kwana-kwana sun ga batirin a kan taga."

Almu ya ɗaga abin fuskar. "Ina Dennis?"

"Yana ɗakin jinya na sama. Bai farka ba. Wa ya cire, Baba?"

"Ni ne."

Ta gyaɗa kai. Ta fita ta kira mahaifiyarta a Kano.

An sallami Almu washegari. Dennis ya farka, amma ya daɗe a asibitin, kuma da ya fito maganarsa ta yi nauyi, kalma takan ɓace masa a tsakiyar zance ya tsaya yana nemanta. Ɗansa, wanda ke zaune a arewacin Ingila, ya zo ya karɓi mukullin garejin. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya gode wa Masawudu, ya ƙi duban Almu, ya ce za a sayar da motar, mahaifinsa kuma zai koma wurinsa da zama in an gama shirya masa ɗaki.

Hajiya Zinatu ta bar mahaifiyarta a hannun ƙanwarta ta dawo. Ta tarar da mijinta ya rame, yana yawan riƙe kai, hasken talabijin ma yana damunsa. Ta saurari labarin daga bakin Zubaida, sannan daga bakin Masawudu, wanda ya ƙara masa gishiri. Daga bakin Almu ba ta nemi ji ba.

"Malam," ta ce wata rana tana zuba masa tuwo, "shekara nawa kana gyaran bas ba ka taɓa kwana a asibiti ba. Sai da ka yi ritaya."

Ya ce haka Allah ya so. Ta ce haka ne, ta tura masa miya.

Ƙungiyar ta zauna ta cire motar daga shirin biki. An yi wa Zubaida tambayoyi, ta amsa, ba a ɗora mata laifi ba. Ranar bikin a watan Mayu aka ƙona gawayi a tukunyar kamar yadda aka tsara, jama'a suka zo da 'ya'yansu, Masawudu ya kafa murhunsa a bakin kwarin ya sayar da tsire har ya ƙare. Almu ya je, ya tsaya daga nesa. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko ya san inda banɗaki yake, ya nuna mata.

Almu ya riƙa zuwa gaida Dennis a gidansa kowane mako. Farkon zuwansa ya fara ba shi haƙuri kan batirin. Dennis ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ni na rufe..." Ya tsaya yana neman kalmar, ya nuna ƙofar falonsa. "Wannan. Ni na rufe." Sai kuma ya ce, "Ta tashi fa. Ka ji ta?"

"Na ji ta."

"Ba ta yi tafiya ba."

Wanda ya sayi motar wani manomi ne a yankin Kent, bayan garin Landan, mai tara tsofaffin taraktoci. Dennis ya roƙi ɗansa abu ɗaya kafin ya bar Landan: a tayar da ita sau ɗaya a fili, ya ga tana tafiya. Ɗan ya ƙi, sannan ya yarda, bisa sharaɗin Zubaida ta kasance a wurin. Zubaida ta ce za ta yi tunani. Hajiya Zinatu ce ta sa baki.

"Ki kai su," ta ce. "In ba ki kai su ba, wata rana za su kai kansu."

Suka tafi wata Asabar a watan Yuni a motar Zubaida: ita da mahaifinta a gaba, Dennis da Masawudu a baya, buhunan gawayin daji a but. Gonar tana da faɗi, hanyar ƙasa ta bi gefen shinge ta gangara zuwa wani rafi, sannan ta haura tudu. Manomin ya riga ya jawo motar tsakiyar fili. Zubaida ta zo da ƙararrawa biyu. Ta ɗaura ɗaya a cikin ɗakin direba, ta rataya ɗaya a wuyan mahaifinta da igiya. Ta sa aka sauke gilasan ƙofofin duka.

Almu ya fasa gawayin ƙanana, ya cika tukunyar, ya kunna ta ƙasa da tsumma. Masawudu ya juya fankar har ya yi gumi, ya ce wannan ya fi fifita tsire wuya. An daɗe kafin shuɗiyar wutar ta kama a bututun gwaji. Almu ya rufe shi, ya shiga ya tayar da injin. Ya yi tari sau biyu ya kama.

Dennis ba zai iya tuƙi ba. Manomin da Masawudu suka ɗaga shi suka zaunar a gefen direba. Masawudu ya haye baya ya zauna kan buhu. Almu ya taka kuloc, ya sa giya, motar ta yi jim kamar tana shawara, sannan ta motsa.

Tafiyar ba ta da sauri. Zubaida tana biye da su a ƙasa tana ɗaukar hoto da waya, ba ta ko buƙaci gudu ba. Karen manomin ya wuce su, ya dawo, ya sake wuce su. A gangaren motar ta ɗan ƙara gudu, Masawudu ya yi kabbara daga baya. Dennis ya gyara zama. Ya ɗora hannu ɗaya a bakin taga, iska tana kaɗa farin gashinsa, yana kallon shingen da ke wucewa.

Suka ƙetare rafin ta kan 'yar gada suka fara hawa. Muryar injin ta canja. Almu ya sauko giya ta biyu, sannan ta ɗaya. Motar ta ci gaba da rarrafe har wajen rabin tudun, ta yi rawa, ta mutu. Ta fara zamewa baya, Almu ya danne birki da dukan ƙarfinsa, ya ja na hannu.

Ya gwada tayar da ita bai samu ba. Masawudu ya sauko ya zunguri wutar, toka ta tashi ta rufe masa fuska. Aka sake juya fanka, aka sake gwadawa, injin ya ƙi. Manomin ya koma ya kawo tarakta, ya ɗaura sarƙa, ya ja su zuwa sama, Almu yana riƙe da sitiyari, Dennis yana zaune yadda yake.

A saman tudun aka sauke shi. Ya tsaya da sandarsa yana duban hanyar da suka biyo, daga filin har gadar. Manomin ya ce zai gwada ta da gawayin da ya fi wannan ƙanana, ko za ta fi ƙarfi. Dennis ya ce ba za ta fi ba.

A hanyar komawa Dennis ya ce yana son shayi. Zubaida ta tsaya a wani ɗan shago a bakin titi. Suka zauna su huɗu a teburi ɗaya, Almu da Masawudu baƙi ƙirin da gawayi har gira. Matar da ta kawo shayin ta dube su, ta tambaya ko gobara aka yi. Masawudu ya gyara zama zai fara ba ta labari daga farko, Zubaida ta ce a'a, aikin gona ne kawai. Dennis ya sha rabin kofinsa, ya yi barci a kan kujera, suka jira ya farka.

Ɗansa ya zo ya ɗauke shi a ƙarshen watan. Da kaka ta shigo, ƙungiyar ta sa aka auna ƙarfen tukunyar dajin, aka ce ya yi sirantar da ba zai ƙara jure wuta ba. Suka kewaye ta da katako, suka sayi sabuwa suka kafa a gefenta. Aka nemi wanda zai riƙa kula da ƙonin, Almu ya ba da sunansa, Zubaida ta ce sai in Hajiya ta yarda. Hajiya Zinatu ta yarda da ranar Asabar kawai.